Biyar da bakwai sun ƙi ba ni shida: da wane sauri zan dawo?

«Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin unguwar Nima ne a Accra, shekarata 47. Muna da ƙungiyar tattaki, duk Asabar bayan sallar Asuba mukan taso daga wajen babban masallacin Kanda mu miƙa, sai waya ta nuna kilomita 5 mu juyo, ya zama 10 ke nan. Na sa wa kaina buri in riƙa gamawa da matsakaicin saurin kilomita 6 a awa. To a tafiya muna tare da dattawa, ba ma wuce 5 a awa. Sai na ce in na yi 7 a dawowa ai shi ke nan, tunda tsakiyar 5 da 7 shida ce. Sau uku ina gwadawa, har numfashina kamar zai ɗauke, amma 5.8 waya take nuna min. Wayar ce ke cin amanata, ko ni ne na yi lissafin dokin Rano? Nawa ya kamata in yi a dawowa?»

Wa alaikumus salam, Malam. Wayarka ba ta ci amanarka ba, 5.8 ɗin nan gaskiya ta faɗa maka. Abin da kake tambaya shi ne, mutum ya riga ya cinye rabin hanya da saurin da bai kai burinsa ba, da wane sauri zai ƙarasa sauran don jimilla ta fito yadda yake so? A naka lissafin amsar ita ce kilomita 7.5 a awa, ba 7 ba. Wato kowace kilomita ta dawowa ka gama da ita cikin minti 8 cif. Sai dai kada ka ɗaura takalmi tukuna, domin rabin nan da ya ƙaru a kan bakwai ba wasa ba ne a ƙafar mai shekara 47, kuma akwai hanyoyin da suka fi shi sauƙi.

Kada ka ji kunyar lissafin naka. Na daɗe ina koyar da lissafi a sakandare, kuma duk shekara nakan rubuta irin wannan tambaya a allo. Kafin in ajiye alli aji ya ɗauka baki ɗaya: «Bakwai!» Har da waɗanda ke zuwa na ɗaya. Ni kaina da nake riƙe wa 'yan tattakinmu na unguwar Madina ta Accra agogo, a farkon farawata na taɓa yi wa mutane irin wannan alkawari a bakin hanya ba tare da na zauna na buga ba, muka dawo a jigace agogo ya ƙaryata ni a gaban kowa.

Inda minti uku suka maƙale

Matsakaicin sauri ma'anarsa ɗaya ce tak: duk nisan da ka yi, a raba shi da duk lokacin da ka ɗauka. Ba a haɗa sauri biyu a raba gida biyu. Bari mu bi sawunka. Kilomita 5 a kan 5 a awa, minti 60 ke nan. Ka juyo ka ɗaga ƙafa zuwa 7, kilomita 5 a wannan sauri suna cin minti 42 da sakan 51. In ka haɗa, minti 102 da sakan 51. Shi kuwa mai son 6 a awa a kan kilomita 10, minti 100 ne rabonsa, ko ɗaya ba a ƙara masa. Ka ga ka makara da kusan minti 3. In aka raba kilomita 10 da lokacin da ka ɗauka za a sami 5.83, waya ta yanke wutsiyar ta nuna maka 5.8.

Abin da ya hana tsakiyar faɗawa a kan shida shi ne ba ka raba wa saurin biyu lokaci daidai ba. Awa guda cur ka yi kana tafiyar 5, ita kuwa tafiyar 7 minti 43 kawai ta samu. Wanda ya fi daɗewa tare da kai shi ke rinjayar da ma'auni ɓangarensa, kuma in dai nisan ɗaya ne, kullum tafiyar sannu ce za ta fi daɗewa, don ita ce mai cin lokaci.

Matan da ke sayayya a kasuwar Nima sun san wannan ko ba su taɓa shiga aji ba. A ce, misali kawai, Hajiya ta sayi masara ta sidi 120 a wajen mai ba da olonka, wato gwangwanin awo, a kan sidi 20, ta sami olonka 6. Ta matsa gaba ta sake sayen ta sidi 120 a wajen mai ba da olonka a kan 30, ta sami 4. In ka ce mata tsakiyar 20 da 30 ai 25 ce, dariya za ta yi maka. Sidi 240 ta kashe, olonka 10 ta kai gida, kowace ta faɗa mata a kan 24. Abin da ke cikin buhu take ƙirgawa, ba farashin da aka faɗa mata da baki ba.

A bar ƙirga sauri, a ƙirga minti

Shawarar da na fi ba 'yan ƙungiyarmu ita ce su daina tunanin «kilomita nawa a awa», su koma «minti nawa a kilomita». Abu ɗaya ne aka juya shi, ka raba 60 da ɗayan ka sami ɗayan, amma na biyun ya fi daɗin sha'ani a kan hanya, saboda mintuna ana iya tara su ana iya ɗebe su kamar kuɗi, sauri kuwa ba ya taruwa. Saurin 4 a awa minti 15 ne a kilomita. Biyar, minti 12. Shida, minti 10. Shida da rabi, minti 9 da sakan 14. Bakwai, minti 8 da sakan 34. Bakwai da rabi, minti 8. Takwas, minti 7 da rabi.

Dubi waɗannan lambobi da kyau, ciwon yana nan a cikinsu. Daga 6 ka sauko 5, minti 2 ka yi asara a kowace kilomita. Daga 6 ka hau 7, minti 1 da sakan 26 kawai ka ci riba. Sauka ɗaya da hawa ɗaya ba kuɗinsu ɗaya ba.

Ka ɗauke shi a matsayin bashi. Burinka ya ware maka minti 10 a kowace kilomita. Duk kilomitar da ka yi tare da dattawa a minti 12, ka ci bashin minti 2. Kafin ku kai wurin juyawa bashin ya zama minti 10. A dawowa kana biyan minti 1 da sakan 26 a kowace kilomita, sau biyar, ka biya minti 7 da 'yan sakanni, saura kusan 3 a wuyanka. Kafin ka biya duka a cikin kilomita 5 sai ka riƙa biyan minti 2 a kowace ɗaya, wato ka yi ta a minti 8. Sittin a raba da 8, shi ne 7.5 ɗin da na faɗa maka.

Wannan hanya tana aiki ko da wane irin buri ne, ko a ina ka tsaya ka duba agogo. Ka ninka nisan duka da mintunan da burinka ya ware wa kilomita, ka sami jarinka. Ka ɗebe abin da ka riga ka kashe. Abin da ya rage ka raba shi da kilomitar da ta rage, shi ne mintin da za ka ba kowace ɗaya daga nan zuwa gida. In kana son ka gan shi a matsayin sauri, ka raba 60 da shi. Mutum na iya yin wannan da ka yana cikin tafiya.

Akwai wani rami da ɗalibaina ke yawan faɗawa, gara in nuna maka shi. Agogo ya nuna awa 1 da minti 40, sai mutum ya danna 1.40 a kalkuleta. Kuskure ne, domin awa minti 60 ce ba 100 ba. Minti 40 kashi biyu cikin uku ne na awa, wato 1.67. Wanda ya raba 10 da 1.40 zai sami 7.1 ya yi ta murna, alhali 6 ya yi. Haka nan in kalkuleta ta ce minti 8.5, minti 8 da sakan 30 take nufi, ba da sakan 50 ba. Mafita ita ce ka mai da komai minti tun daga farko, ka ninka kilomita da 60, ka raba da mintunan.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni sha'awa a lissafin, wato yadda bashin ke kumbura gwargwadon jinkirin fara biya. A ce kana tafiyar minti 12 ɗin nan, ka yanke shawarar ɗaga ƙafa a kilomita ta 2. Ka kashe minti 24, saura 76 a kan kilomita 8, minti 9 da rabi kowace ɗaya, saurin 6.3 ke nan. Wannan ai da wasa ma za ka yi shi. In ka bari sai kilomita ta 3, kana buƙatar kusan 6.6. A ta 4, 6.9. A ta 5, 7.5. In ka kai ta 6 ba ka fara ba, 8.6, ka shiga gudu. A ta 7, 11 da ɗoriya, gudun samari 'yan ƙwallo. A ta 8 kuwa minti 96 sun tafi, saura minti 4 a kan kilomita 2, saurin 30 a awa, sai dai ka tari okada. Tsakanin kilomita ta 2 da ta 4 farashin a hankali yake hawa, daga ta 5 zuwa sama sai ya riƙa tsalle.

Har akwai inda ƙofar ke rufewa ruf. Da a ce rabin farko a kan 3 a awa kuka yi shi, kilomita 5 za su cinye minti 100 gaba ɗaya. Jari ya ƙare, rabin hanya na gaba. Ko jirgi ka hau daga filin jirgin saman Accra ba za ka ga 6 ba. Ƙa'idar ita ce, duk wanda ya yi rabin hanya a kan rabin saurin da yake buri, burin wannan rana ya wuce shi.

Tsayuwa, ɓarawon da ba a gani

Ban ga ka ambaci tsayuwa a tambayarka ba, amma na san hanyar da kuke bi, kuma na san halinmu na 'yan zango. Ba a wuce mutum a ƙi gaisawa. Wata Asabar na ɗauki agogo biyu, ɗaya na barshi yana tafiya, ɗayan ina danna shi duk lokacin da ƙafafunmu suka tsaya cak. Wani dattijo ya tsaya gaida surukinsa da ke buɗe shago, sai da aka tambayi lafiyar kowa har jikoki. Muka tsaya sayen fiya wata, mai sayarwa ba ta da canji. Muka tsaya a danja muna jiran tro-tro, wato ƙananan bas ɗin haya, su wuce. Wani igiyar takalminsa ta kwance. Ko ɗaya babu wadda na ɗauka za ta kai minti guda, amma da muka dawo agogo na biyu ya tara minti 9. Kowa ya rantse ba mu tsaya haka ba.

Minti ɗaya na tsayuwa bashin minti ɗaya ne cikakke, ba ragi. A naka lissafin, in kuka ɗan huta minti 5 a wurin juyawa ana jiran na baya, ka kashe 65, saura 35 a kan kilomita 5. Minti 7 ke nan a kilomita, saurin 8.6. Hutun minti biyar kaɗai ya ɗauke ka daga 7.5 ya kai ka inda babu maganar tattaki. Shi ya sa kafin mutum ya fara azabtar da ƙafarsa, nakan ce ya fara duba inda lokacinsa ke yoyo. Sau da yawa minti ukun da ake nema suna can wajen mai ruwa da bakin danja.

Shin ƙafa za ta iya 7.5?

Lissafi ya gama nasa, saura jiki. Sauri abu biyu ne aka ninka: tsawon taku da yawan taku a minti. Shida a awa daidai take da mita 100 a minti, lamba mai sauƙin riƙewa. Mai takun santimita 80 yana buƙatar taku 125 a minti kafin ya yi ta. Bakwai da rabi kuwa mita 125 ce a minti, wannan mutumin sai ya yi taku 156 a kowane minti, ya kuma riƙe haka har minti 40. Ka gwada ƙirga taku 39 a cikin sakan 15 kana tafiya ba gudu ba, za ka ji abin da nake nufi.

Yawancin manya, in sauri ya kai wajen 7 zuwa 8 a awa, jiki da kansa yake neman komawa sassarfa, domin a nan tafiya ta fara fin gudu wahala. Ka ga 7.5 tana tsakiyar wannan mashigi. Ba wai ba a iya wucewa ba ne, 'yan gasar tattaki na Olamfik suna gama kilomita 20 a ƙasa da awa 1 da minti 20, saurin 15 a awa ke nan, amma da wata irin murza ƙugu da suka yi shekaru suna koya, kuma a kan titin da aka share musu.

Na gwada 7.5 ɗin da kaina, tsawon kilomita 5, don kada in riƙa faɗa wa mutane abin da ban ɗanɗana ba. Kilomita biyun farko lafiya lau. A ta uku gaban ƙwaurina ya ɗauki zafi kamar an ɗora garwashi, saboda ina miƙa ƙafa gaba fiye da ƙima ina dira da dunduniya. A ta huɗu na daina ganin hanya sai agogo, na taka murfin kwata mai lilo, Allah ne ya tsare ban faɗa ba. Na gama a minti 41, na kwana biyu ina ɗingishi a gaban ɗalibai. Abin da na koya shi ne, in za ka ƙara sauri, ka ƙara yawan taku, kada ka ƙara faɗinsa. Ka lanƙwasa gwiwar hannu, ka riƙa kaɗa hannu gaba da baya, ƙafa za ta bi hannu. Turawar daga yatsun ƙafar baya take fitowa.

In kana son ka san ainihin ƙarfinka, ka nemi filin tsere mai mita 400, irin na filin wasan Jami'ar Ghana da ke Legon inda aka yi guje-guje na wasannin Afirka a watan Maris na 2024, ko duk wani da za a bar ka ka shiga. A layin ciki, zagaye ɗaya a minti 4 da sakan 48 shi ne 5 a awa. Minti 4 cif, 6. Minti 3 da sakan 26, 7. Minti 3 da sakan 12, 7.5. Ka yi zagaye biyar a jere ka ga wanne kake iya riƙewa ba tare da ka ɓalle da gudu ba. Ka tsaya a layin ciki fa, don layi na takwas ya fi shi da sama da mita 50 a kowane zagaye.

Hanyoyin da ke gabanka

Ta farko, kuma ita na fi so maka, ita ce ka fara biya da wuri. Ka raka dattawa kilomita 3, ka nemi izininsu, ku da kuke da ƙarfi ku wuce gaba, ku haɗu da su a hanyar dawowa ko a wajen koko da ƙosai. Daga nan minti 9 da sakan 9 kake buƙata a kilomita, abin da mai lafiya zai iya bayan 'yan makonni yana yi. Amma a tabbatar an bar wani tare da su. A ƙungiyarmu karɓa-karɓa muke yi, wanda ya tsaya da dattawa wannan mako ya manta da agogo, mako mai zuwa wani ya karɓe shi. Ban ga amfanin 6 ɗin da za a samu ta hanyar barin tsoho shi kaɗai yana tsallaka titin Kanda da duku-duku ba.

Ta biyu za ta yi maka daɗi, domin ta nuna bakwai ɗinka ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Tsakiyar 5 da 7 takan zama 6 idan lokaci aka raba daidai, ba nisa ba. Ka yi awa guda a kan 5, to ka yi awa guda a kan 7. Kilomita 5 da kilomita 7, 12 ke nan a cikin minti 120, shida daidai ba ƙari ba ragi. Wato in za ka iya riƙe bakwai ɗin da kake yi yanzu, ka ƙara kilomita 2 bayan ka iso, waya za ta nuna maka abin da kake nema. Sai dai wanda ya ce numfashinsa kamar zai ɗauke a minti 43, ƙarin minti 17 ba kyauta ba ne. In kuwa ka sauko 6.5 don ka sami sauƙi, sakan 46 kawai kake biya a kilomita, bashin minti 10 sai ya ci kilomita 13. Wannan kam ba shawara ba ce.

Ta uku, ka gauraya tafiya da sassarfa. A cikin minti 40 na dawowa, in ka yi minti 24 kana tafiyar 6.5, minti 16 kana sassarfar 9 a awa, za ka yi kilomita 2.6 da 2.4, biyar ke nan. A aikace, tafiya minti 3, sassarfa minti 2, sau takwas. Mutane da yawa sun fi jin sauƙin wannan a kan tafiyar 7.5 zalla, amma gwiwa ce ke biyan kuɗin, musamman ga mai jiki.

Ta huɗu, a ɗan taɓa rabin farko. Da dattawa za su yi minti 11 da rabi a maimakon 12, za ku kai juyi a minti 57 da rabi, saura 42 da rabi, minti 8 da rabi a kilomita, kusan bakwai ɗin da ka riga ka saba. Sau da yawa ba sai sun ƙara sauri ba ma, a rage gaisuwar tsaye kawai, a riƙa yin ta ana tafiya.

In wata rana kuka je hawan tudu daga Ayi Mensah zuwa Peduase, kamar yadda ƙungiyoyin motsa jiki na Accra suka saba a ƙarshen mako, ka ajiye burin 6 a gida. Tun 1892 wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotland, William Naismith, ya kafa ƙa'idar da har yau ake aiki da ita: awa guda ga kowace kilomita 5, a ƙara awa guda ga kowace mita 600 ta hawa, wato kusan minti 1 ga kowace mita 10 da ka ɗaga sama. Gangara kuma ba ta mayar maka da duk abin da hawa ya karɓa. Ka hau a kan 4 ka sauko a kan 6, 4.8 za ka samu ba 5 ba. Tarkon dai shi ne, ya sake riga.

Game da waya

Na ce ba ta yi ƙarya ba, amma tana da nata halin. Manhajoji irin su Strava suna riƙe lokaci iri biyu, na motsi da na gaba ɗaya tun daga dannawar farko har ta ƙarshe. Na motsi yana zubar da tsayuwa, don haka ya fi faranta rai. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa, in ba haka ba za ka riƙa kwatanta wannan Asabar da waccan a kan mudu biyu. Kada ka riƙa bin lambar saurin nan take da ke tsalle a fuskar waya, domin GPS na rikicewa a ƙarƙashin gada da cikin lungu. Ka sa ta ta riƙa faɗa maka lokacin kowace kilomita in ta cika. Ka kuma duba kada a ce a kan mil take, don mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗan ɗori, shidanka a can 3.7 za ta fito.

Iyakar abin da zan iya faɗa maka

Ni malamin lissafi ne mai tattaki, ba likita ba. Alli na iya gaya maka saurin da ake buƙata, ba ya iya gaya maka ko zuciyarka da gwiwarka sun yarda. Maganar da ka yi ta numfashi ta tsaya min a rai. Haki daban, ɗaukewar numfashi daban. In akwai hawan jini ko ciwon suga, ko ka taɓa jin nauyi a ƙirji ko jiri kana cikin tafiya, ka je a duba ka kafin ka ƙara komai, in kuma ya zo maka a kan hanya ka tsaya nan take. Hukumar Lafiya ta Duniya minti take ƙirgawa, 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, ba ta ce 6 ko 5.8 ba. Ma'aunin da aka saba bayarwa na matsakaici shi ne ka iya magana amma ba ka iya rera waƙa ba. A wajen lafiya, tattakin minti 30 sau uku a tsakiyar mako zai fi yi maka amfani a kan minti ukun nan na ranar Asabar, kuma shi ne zai sa ukun su zo da kansu. Ka tuna kuma dawowarka na faɗawa ne bayan rana ta fito, ga danshin teku, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, saurin da ka yi da sanyin Asuba a filin tsere ba lallai ka same shi a kan kwalta da ƙarfe bakwai ba.

In ka zaɓi rabuwa da dattawa a kilomita ta 3, ga abin da za ka rubuta a bayan hannunka da biro: ta 3 a minti 36, ta 4 a 45, juyi a 54, ta 6 a 63 da rabi, ta 7 a 72 da rabi, ta 8 a 82, ta 9 a 91, gida a 100. Ruwa ka riƙo shi daga gida don kada ka tsaya neman canji. In ka kai juyi agogo na nuna 55 ko 56, har yanzu da sauran dama, minti 9 ko ƙasa da haka kaɗan a kilomita. In ya wuce 57, bakwai da ɗoriya ake nema a wurinka, ka bar ta ta tafi, ka dawo da saurin da ka saba ka sake gwadawa wata Asabar.